Gwajin Maganin Cutar Huntington Yana Buƙatar Rukunin Kwatance

Tun a shekarar 1993 aka gano ƙwayar halittar gado da ke haddasa cutar Huntington, amma har yau babu maganin da hukumomi suka amince yana tsayar da ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa. Ɗan mai cutar, ko ya gada ko ya tsira, rabi da rabi ne, kuma alamunta kan bayyana tsakanin shekara 30 da 50, bayan mutum ya tara iyali. Hannu ya riƙa fizga ba da son mai shi ba, kofin ruwa ya suɓuce, harshe ya sarƙe, haɗiya ta gagara, ɗan da ke ba shi abinci a baki kuma yana kallon abin da wataƙila ke jiran sa.

Shi ya sa ba na ganin laifin iyalan da ke ƙin a yi wa wasu marasa lafiya allurar da babu magani a cikinta a lokacin gwajin sabon magani, domin kawai a kwatanta su da waɗanda suka sami maganin. Raina yana sosuwa da kukansu, amma ban yarda a soke wannan rukuni na kwatance ba.

A watan Maris na 2021 kamfanin Roche ya dakatar da ba da maganin tominersen, wanda ake zubawa cikin ruwan laka ta gadon baya, a gwajin da ya ƙunshi kusan mutum 800. Waɗanda aka yi wa allurar duk bayan wata biyu sun fi waɗanda ba su sami maganin ba taɓarɓarewa. Da babu rukunin kwatance, da an ɗora laifin a kan cutar, tunda dama kullum gaba take yi, da kuma an ci gaba da cutar da bayin Allah da sunan jinya.

A watan Satumba na 2025 kamfanin uniQure ya sanar cewa maganinsa AMT-130, wanda ake shigarwa cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata mai tsawon awanni, ya rage saurin cutar da kashi 75 cikin ɗari a shekara uku. Ina fata hakan ya tabbata. Sai dai mutum 12 ne aka auna, an kuma kwatanta su da bayanan wasu marasa lafiya da ba su cikin gwajin.

Abin da nake nema shi ne a yi babban gwaji mai rukunin kwatance, a taƙaita lokacin jira gwargwadon iko, sannan idan maganin ya yi aiki, waɗanda suka haƙura da allurar kwatance su zama na farkon samun sa.