Rama Cuta ga Macuci Ibada Ne? Amish a Amurka, EYN a Gida, Umarni Ɗaya

Bahaushe ya ce rama cuta ga macuci ibada ne. Kirista kuwa ya buɗe Matiyu 5:44 sai ya tarar an ce masa ya ƙaunaci magabtansa, ya yi wa masu tsananta masa addu'a. Luka 6:27-28 ya ɗora biyu a kai: a yi wa maƙiyi alheri, a sa wa mai zagi albarka. Duk wanda ya tashi a Arewa da maganganun nan biyu a kunnensa ya san ba sa zama kan tabarma ɗaya.

A nan Pensilbaniya ta Amurka, inda nake zaune, da wuya a taɓo wannan aya ba a ambaci ƙauyen Nickel Mines ba. Ranar 2 ga Oktoba 2006 wani direban tankar madara ya shiga makaranta mai aji ɗaya ta 'yan Amish, wata ɗarikar Kirista da ke rayuwar gargajiya a karkara, ya kori manya da yara maza, ya harbi 'yan mata goma, sannan ya kashe kansa. Biyar suka rasu. A ranar, kafin a kwanta, wasu daga cikin Amish suka je yi wa iyalinsa jaje. Wajen su 30 suka halarci jana'izarsa. Gudummawar da ta shigo ta haura dala miliyan 4, kwamitin da ke riƙe da kuɗin ya ware wa matarsa da 'ya'yansa uku wani kaso. Kwana goma da faruwar abin aka rushe makarantar, wurin ya koma makiyaya.

Amish ba baƙi ba ne a wurinmu yadda ake zato. Ikkilisiyar 'Yan'uwa, wadda aka kafa a Jamus a 1708 ta kuma yi ƙaura zuwa Pensilbaniya, tana cikin ikkilisiyoyin da suka ƙi ɗaukar makami, kamar Amish. Masu bishararta ne suka yi sujadar farko ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923, daga nan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ta tsiro. Jijiya ɗaya, ƙasa daban.

Dalilin umarnin ba shi ne wai maƙiyi ya cancanta ba. Yesu ya kafa hujja da halin Uba, wanda yake fito da rana kan mugu da nagari, ya zubo ruwa a gonar mai adalci da ta azzalumi. Ya ce in masoyanku kaɗai kuke ƙauna, ai masu karɓar haraji ma suna yin haka. Bulus ya matsa gaba a Romawa 5:10, ya ce mu kanmu muna magabtan Allah aka sulhunta mu. Misalin bawan nan a Matiyu 18 lissafi ne zalla. An yafe masa talanti 10,000, ya shaƙe ɗan'uwansa kan dinari 100. Dinari ladan lebura ne na yini guda, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne, wato an yafe masa ladan yini miliyan 60, ya kasa haƙura da na wata uku da 'yan kwanaki.

Sai dalili na uku, kuma a nan ne Amurka da gida suka raba hanya. Romawa 12:19 ta ce ramuwa tana da mai ita, ba taku ba ce. Ayoyi kaɗan gaba, a 13:4, aka ce hukuma ba banza take riƙe da takobi ba. Ashe an karɓe takobin daga hannun wanda aka cuta ne domin akwai inda aka ajiye shi. A Nickel Mines 'yan sanda sun iso cikin mintuna, jirage masu saukar ungulu suka kwashi yara zuwa asibiti, mai laifin kuma ya mutu. Babu wanda ya kwana yana tsoron zai dawo. Ban rage wa Amish komai ba, iyaye ne da suka binne 'ya'yansu. Amma a auna da Chibok, inda aka kwashe 'yan mata 276 a Afrilun 2014, akasarinsu 'ya'yan EYN, wasu har yau ba su dawo ba. A Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatar ikkilisiyar a Kwarhi kusa da Mubi. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an sace shi. A gida maƙiyin yana raye, wani lokaci ma ɗan unguwa ne da aka yi ƙwallo tare. Ga kuma tubabbun Boko Haram da ake sallamowa daga sansanin Malam Sidi a Gombe, gwauruwa ta je kasuwa ta yi kiciɓis da fuskar da ta sani. Ra'ayina shi ne ɗan EYN da ya riƙe wannan aya ya ɗauki kayan da ya fi na Ba'amurke nauyi nesa ba kusa ba, don haka bai kamata a riƙa kawo masa labarin Amish kamar bulala ba.

Inda muke ɓata abin shi ne haɗa abubuwa uku a ƙwarya ɗaya: yafiya, sulhu, da janye ƙara. Yafiya ita ce ka sauke niyyar ramuwa, kuma kai kaɗai kana iya yin ta. Sulhu sai da mutum biyu, Luka 17:3 ma ta sa tsautawa da tuba a gaba. Janye ƙara kuwa babu ayar da ta wajabta shi. Da aka mari Yesu gaban babban firist, tambaya ya yi don me aka mare shi. Bulus da aka yi masa dūka ba shari'a a Filibi ya ƙi fita a ɓoye, ya ce mahukunta su zo da kansu. Don haka dattawan ikkilisiya su rubuta sunayen waɗanda aka kashe, rana, wuri, shaidu, a kai ofishin 'yan sanda a karɓi lambar ƙara, ko da an san takardar za ta kwana a durowa. Hana azzalumi ƙara zalunci yana cikin ƙaunarsa.

Kuskure na biyu na lokaci ne. Baba Fasto ya tsaya bakin kabari, ƙasa ba ta bushe ba, ya ce wa matar mamaci ta furta ta yafe gaban jama'a. Za ta furta don kunya, ta koma gida da ciwo biyu. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Zabura cike take da kuka da ƙorafi, a bar mutane su yi nasu. Amish ma suna da wannan tabo: an sha samun 'yan matan da aka lalata a cikin gida aka matsa musu su yafe, maganar ba ta kai hukuma ba.

Abin da ba ya jira shi ne hana ramuwa, kuma kwana biyun farko ne ke yanke hukunci. Kada a zaga gari da gawa. Kada a watsa hotunan gawarwaki a WhatsApp. Dattawa da shugabannin matasa su tsaya da ƙafarsu a mararraba da tasha, domin ramuwar gayya ba ta taɓa samun mai laifin. Mai shayi take samu, da mai gyaran takalmi, da direban da ya biyo hanya. A Agustan 2021 aka tare motocin matafiya Musulmi a hanyar Rukuba a Jos, aka kashe sama da ashirin, mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. Ko waɗannan ma ba magabta ba ne, maƙwabta ne aka liƙa wa sunan.

Sa albarka kuma ba wai ka roƙa wa ɗan bindiga nasara ba ne. Ka ambaci sunansa in ka sani, ka roƙi Allah ya tsare hannunsa daga jini, ya ba shi tuba, ya ciyar da 'ya'yansa. A gwada wannan da addu'o'in da suka cika daren azumi yanzu, na wuta ta sauko ta cinye magabta. Yakubu da Yohanna sun nemi haka a kan wani ƙauyen Samariyawa, Luka 9:55 ta ce Yesu ya juya ya tsawata musu.

Alherin ma an faɗi kamanninsa. Fitowa 23:4 ta ce in ka ga bijimin maƙiyinka ko jakinsa ya ɓata, ka mayar masa. Manomi a Filato ko Kudancin Kaduna ba ya bukatar sharhi. Saniya ta kuɓuce ta shiga masara: a ɗaure ta, a ba ta ruwa, a kira mai unguwa da arɗo, a auna ɓarnar kunya-kunya gaban shaidu, a biya, a saki dabba. Sau nawa sare saniya ɗaya ya jawo aka ƙone ƙauye? A Gurku ta Jihar Nasarawa kuwa, 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi ne aka zaunar a unguwa guda, da majami'a da masallaci.

Abu ɗaya da zan so mu ara daga Amish shi ne horon yau da kullum. Sau biyu a shekara suke cin Jibin Ubangiji. Mako biyu kafin nan sai a yi zaman ikkilisiya, a karanta Matiyu 18, a bi mambobi ɗaya bayan ɗaya ana tambaya ko kowa yana zaman lafiya da Allah da 'yan'uwa. In aka samu biyu da ba sa ga maciji da juna, ko kan iyakar gona ne ko kan bashi, ana iya ɗage jibin gaba ɗaya har sai sun shirya.