Hankali amana ne, ƙwaya kuwa a hankali take cinye shi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa Musulmi na Maradi.

Da yawanmu ba ma ganin ɓarnar ƙwaya sai ranar da yaro ya tuɓe riga ya shiga titi, alhali ɓarnar ta fara tun da daɗewa. Cikin alamunta na farko akwai mantuwa: a aiki saurayi kasuwa ya dawo bai san abin da aka ce ya sayo ba, ɗan kabu-kabu ya rikice wajen lissafin canji, ɗalibin da ya haddace izu goma ya kasa riƙe shafi ɗaya.

Likitoci sun bayyana cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu kafin a aikata shi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, wato samarinmu masu zaman fada (majalisar hira) suna zuba masa guba tun yana ɗanye. Wiwi na raunana riƙon sabon abu, sholisho na lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Taramol kuwa, wanda asibiti ke bayarwa miligiram 50 ko 100 saboda ciwo, shi ake sayarwa a ɓoye mai 225, ana haɗiyar biyu ko uku da shayi da sunan ƙarfin aiki, kuma yawansa na jawo farfaɗiya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne salla. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 43, kada mu kusanci salla muna cikin maye har sai mun san abin da muke faɗa. To, yaya wanda mayen ya sake shi amma ya bar shi bai san raka'a nawa ya yi ba? Annabi (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce. Ƙwaya ba ta fita daga wannan hukunci don tana cikin kwalin magani.

Iyaye, duka da ɗaure yaro a mari ba sa maido da ƙwaƙwalwar da ta raunana. Ku haɗa addu'a da asibiti, domin yanke taramol ko diyazefam (ƙwayar sa barci) farat ɗaya na da haɗari, sai likita ya riƙa rage shi daki-daki. Da yawa daga cikin waɗanda suka daina, natsuwa da tunani suna dawo musu cikin watanni, musamman idan an kai su da wuri, tun ana ganin mantuwar nan ta farko.