Ƙasar da ta kasa tsare kodin ce za ta tsare wiwi?

Tun jiya nake ganin mutane suna ta yaɗa bidiyon yaron nan da aka ɗauka a bakin titi wajen Kwangila a Zariya, yana ɗaga naɗin wiwi yana cewa magani ce, Turawa ma sun halatta. Yaron bai ba ni haushi ba, tausayi ya ba ni, don duk wanda ya kalli idanunsa da leɓensa ya san ya yi nisa. Waɗanda suka ɓata min rai su ne masu digiri da suka cika wajen sharhi suna cewa ai gaskiya ya faɗa, Najeriya ce ke baya. Haba jama'a! Ku ji tsoron Allah.

A dokar ƙasar nan wiwi haramun ce, ta shaƙatawa da wadda ake kira ta magani. Tun 1966 aka yi dokar da ta hana nomanta da sayar da ita da shanta, a lokacin har hukuncin kisa aka tanada ga mai nomawa kafin daga baya a sassauta. A 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa. Duk da wannan tsanani, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha. Wannan fa ƙofa a kulle ke nan. To ina ga an buɗe?

Na san abin da za ku ce: ai da takardar likita za a riƙa sayarwa. Wace takardar? Kodin ba da takardar likita ya kamata a saye shi ba? Tiramol fa? Mu da muke Zariya mun ga yadda aka yi. Kwalaben maganin tari mai kodin sun cika kwatoci daga Tudun Wada har Sabon Gari, matan aure na aiken yara kemis su sayo, babu mai tambayar takarda, sai da BBC ta yi rahoton da ya kunyata mu a 2018 sannan gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi. Magani ne mai rajista, da lambar hukuma a jikin kwalba, da masana'antar da aka san adireshinta, amma aka kasa tsare shi. Ganyen da ke tsirowa a bayan gida da cikin dajin Ondo da Edo shi za a tsare?

Ban ce babu magani a cikinta ba. Akwai. A Amurka an amince da wani magani mai suna Epidiolex a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara, kuma daga sinadarin CBD da ke cikin wiwi aka haɗa shi, wanda ba ya bugarwa. An tace shi, an auna, likita ke cewa ga yawan da za a ba yaro. Me ya haɗa wannan da abin da ake naɗewa a takarda a cikin kango, wani lokacin har a barbaɗa masa abin da shi mai sayarwar ma bai san sunansa ba? Sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi THC ne, shi kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan shansa tun da ƙuruciya na ƙara haɗarin taɓin hankali. Idan masu farfaɗiya kuke tausaya wa, ku yi magana a kan tsadar magungunan da ake da su yanzu, waɗanda iyaye da yawa ba sa iya saye a kowane wata.

Sai kuma maganar kuɗin shiga. Marigayi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kira a bari a noma don magani da fitarwa waje, 'yan majalisar wakilai ma sun kawo ƙudiri bai wuce ba. To ita Tailan ɗin ta cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi a 2022, shaguna suka cika gari, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Ƙasar da aka je koyo a wajenta ta ja da baya, mu da ko kemis ɗin unguwa ba mu iya sa wa ido ba muke son shiga. Ku bar kawo min misalin Kanada da ta halatta wiwi. Can idan yaro ya lalace akwai inda za a kai shi. Nan sai uwa ta sayar da akuyarta da zannuwanta.

Wallahi akwai wata baiwar Allah a layinmu da ke kwana da makullin ɗakinta ɗaure a bakin zane, saboda ɗan da ta haifa ya kwashe mata tukwane da buhun masara ya kai wa dila. Ku je ku gaya mata magani ce.

Abin da ma ya fi ci min rai shi ne inda ake kai yaran nan idan abin ya fi ƙarfin gida. Kun tuna 2019 da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna suka fito da mutane sama da 300, wasu da mari a ƙafa? An rufe irin waɗannan gidajen, kuma daidai ne, amma me aka buɗe a madadinsu? Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika ba za su ɗauke jihar nan duka ba. Masu kuɗin Zazzau da ke gina gidan mai a kowane lungu, ɗaya daga cikinku ya gina wurin jinyar 'yan shaye-shaye mai likita da gado da abinci, ya sa kuɗin da talaka zai iya biya. Filaye na nan a hanyar Jos da ta Funtuwa.