Nazarin Ƙabila da Ƙaura: Tsakanin Amurka da Sakkwato

Tun da na fara koyar da ilimin zamantakewar al'umma a wata jami'a a Amurka nake lura da cewa fannin da mutum ke zama farfesa a kansa a nan, wato nazarin launin fata da ƙabila da ƙaura, mu Sakkwatawa a tsakiyarsa muke zaune, amma mun fi ɗaukarsa abin hira a kan abin bincike.

A nan fannin ya daɗe da yin saiwa. Tun 1899 masanin zamantakewa W.E.B. Du Bois ya wallafa bincikensa kan baƙaƙen fatar Filadelfiya, sannan dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke rabon gurbi bisa ƙasar asali, ta kawo baƙi daga Asiya da Afirka waɗanda ake nazarinsu har yau. Ƙidayar da ake yi duk shekara 10 tana tambayar launin fata, saboda haka malami yana iya fara aiki daga kan kwamfutarsa. Sai dai kujerar dindindin a jami'a ba ta samuwa da sauƙi, domin kusan shekara 6 ake ba sabon malami ya wallafa abin da zai gamsar, in ya gaza a sallame shi.

Takwaransa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ya da wannan gata, tunda ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. Dole ya taka da ƙafarsa, ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i irin na 2022 da ya ci wata 8.

Duk da haka ban yarda a kwaso ma'aunin Amurka a ɗora wa Sakkwato ba. A takardun Amurka, Bafulatani da Bagobiri da Bazabarme da Ba'adare duk gurbi ɗaya ake jefa su, a kira su baƙar fata, alhali a gida abin da ke buɗe wa mutum ƙofar aiki ko karatu shi ne takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Haka kuma kalmar baƙo ba ta da ma'ana ɗaya a Illela, garin da ke kan iyaka da Nijar, inda za a sami wa a Nijeriya ƙane a Ƙwanni ta Nijar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba su 'yancin zirga-zirga, gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu a 1983, an rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ko cin rani, wanda kowane gida ya sani, Bature ne, Mansell Prothero, ya yi fice da nazarinsa a lardin Sakkwato a shekarun 1950.

Da ni ke zaɓa wa ɗalibin digiri na uku batu a yau, da tashar motar Illela zan tura shi, ya yi rani da damina yana tambayar masu ƙetarawa inda suke kira gida, da takardar da ke aljihunsu.