Ku Masu Motocin Daji, Wa Ya Raɗa Muku Waɗannan Sunaye?

Assalamu alaikum ƙannena da abokaina, ma'abota motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, masu jin daɗin tuƙi sai inda kwalta ta ƙare. Abin da idona ya gane mini a ƙarshen makon jiya ne ya hana ni yin shiru.

Ayari ne na masu irin waɗannan motoci, kowa ya manna inkiyarsa da manyan baƙaƙe a saman gilashin gaba, da ita kuma ake kiransa a oba-oba. Muka iso wani rafi da ya ɗauko ruwa, ja wur, yana tafe da kara da rassan itace. Manyan tafiyar suka kashe mota suka sauko, ɗayansu ya saro sanda zai auna zurfi. Sai ga wani yaro da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, a gilashinsa an rubuta "Ba Ja Da Baya". Na ga fuskarsa da kyau, wallahi tsoro yake ji, hannunsa ma yana kan giya zai koma baya. Abokansa suka ɗaga wayoyi suka hau rera masa sunan nan suna tafi. Ya dubi ruwa, ya dubi wayoyin, ya taka totur. Bai kai tsakiya ba injin ya shaƙi ruwa ya mutu, bayan motar ya fara juyawa yana bin igiyar ruwa. Da yake da sauran shan ruwansa a duniya, aka jefa masa igiya ya fito ta taga. Da ya huce na tambaye shi wanda ya sa masa wannan suna, ya ce shi ya zaɓa da kansa, tun kafin tayar motarsa ta taɓa shiga laka.

Suna linzami ne, haka magabata suka ce, kuma ranar nan na ga linzamin yana jan mai shi zuwa halaka.

Kada wani ya ce ina ƙyamar inkiya. Na sha zama da masu wannan sha'awa ana hira kowa yana faɗin asalin tasa, kuma da yawa ba su da aibu ko kaɗan. Wani lambar ƙirar motarsa ta fari ya ɗauka ya haɗa da shekarar da aka ƙera ta. Wani launin motar ne ya bi shi, ana ce masa mai shuɗiya har yau, alhali ya sayar da shuɗiyar tun tuni. Wani sana'arsa ce, wani sunan karensa ne ko na dutsen da ya fara hawa. Waɗanda suka fi burge ni su ne masu inkiyar tsiya, wadda abokai suka liƙa musu ranar da suka yi abin kunya: wanda ya kafe a ɗan taɓon da yaro zai tsallake da ƙafa, ko wanda ya shiga daji da jak amma ya bar safaya a gida. Irin wannan suna yana sa dariya, kuma duk lokacin da aka kira shi mai shi yana tuna cewa shi ma ɗan Adam ne, yana iya kuskure.

Waɗanda nake magana da su daban ne. Ku ne masu zama a ɗaki ku ƙirƙiro wa kanku kirari: Sarkin Daji, Ba Birki, Karya Dutse, Gagara Kogi, Aljanin Rairayi, Ajali Sai Ya Shirya. Don Allah wa ya naɗa ka sarkin daji? Yaushe ka karya dutse? Kai da ko sauke iskar taya kafin shiga rairayi ba ka sani ba, ba ka san lokacin da ake sa ƙaramar giya ba, ba ka taɓa kwanciya a ƙarƙashin motarka ka ga inda ya fi kusa da ƙasa ba. Yabon kai jahilci ne. Kama da wane ba ta wane, kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Mai buga sitika ba ya tambayar ko ka cancanta, kuɗinsa kawai yake karɓa ya yanka maka baƙaƙe.

Da a ce abin ya tsaya a gilashi da ban damu ba. Matsalar ita ce sunan yana zama bashi a wuyanka, kullum aka fita sai jama'a sun zo karɓa. Wanda ya kira kansa Ba Birki, ta yaya zai taka birki a gangare mutane suna kallo? Wanda ya ce shi Gagara Kogi ne, da wane baki zai ce a jira ruwa ya janye? To ruwa ba sa'an kwando ba ne. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 30 yana iya ɗauke ƙaramar mota, wanda ya kai 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci har da manyan nan da kuke taƙama da su. Injin kuma iska aka yi shi ya matsa, idan ruwa ya shiga inda iska ke shiga ba ya matsuwa, sai ƙarfen ciki ya lanƙwashe ko ya karye. Ga masu ɗaga mota sama su sa mata manyan tayoyi don ta dace da girman inkiyarsu, sun manta cewa duk yadda nauyi ya yi sama haka mota ke saurin kifewa, musamman idan aka ratsa gefen tudu a karkace. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake karanta abin da aka rubuta a gilashi kafin ya auku.

Ku dubi su kansu motocin da kuke wa bauta. Land Rover ta fito a 1948, ta yi shekaru tana aiki a gonaki da hamada da fagen fama da sunaye na lamba kawai, har akwai waɗanda ake kira 90 da 110 saboda tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya a ma'aunin inci. Sai a 1990 aka sa mata Defender. Toyota ta fitar da tata a 1951 da haruffa biyu tak, BJ. A wannan shekarar direban gwaji Ichiro Taira ya hau da ita har zango na shida na dutsen Fuji a Japan, kuma sai a 1954 ta zama Land Cruiser. Aiki ne ya riga suna zuwa. Mitsubishi kuwa da ta fito da Pajero a 1982, dole ta sauya mata suna zuwa Montero a ƙasashe masu magana da Sifaniyanci, domin kalmar tana da mummunar ma'ana a harshensu, a Ingila kuma aka sayar da ita da sunan Shogun. Kamfani mai injiniyoyi da lauyoyi yana tsoron abin da suna zai jawo masa, kai kuma ka ɗauki ajali ka manna a goshin motar da kake ɗaukar 'ya'yan mutane a ciki.

Ko cikin gwanaye haka abin yake. Stéphane Peterhansel, Bafaranshen nan, ya ci gasar Dakar, wato tseren motoci da babura na ratsa hamada, sau 14, shida a kan babur, takwas a mota, ta farko a 1991, ta ƙarshe a 2021. Duniya ce ta sa masa Mista Dakar bayan ta gaji da ganin ƙurarsa. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Thierry Sabine da ya kafa gasar, tunaninta ya zo masa ne bayan ya ɓace a hamada a kan babur a 1977, ya ga mutuwa muraran kafin a ceto shi, kuma a 1986 a cikin wannan gasar tasa ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali. A 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, ya yi kwana shida a ɓace a Saharar Aljeriya sai da jirgin soja ya gano shi. Sahara ba ta san ɗan wane ba, balle ta san Aljanin Rairayi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Addininmu ma bai bar wannan babi a buɗe ba. Ya zo a Bukhari cewa kakan Sa'id ɗan Musayyib ya je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka tambaye shi sunansa ya ce Hazn, wato ƙasa mai tauri da gargada. Aka ce masa a'a, kai Sahl ne, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai sauƙi. Ya ce ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Sa'id ya ce tun daga nan tsanani bai rabu da gidansu ba. Ku da kullum kuke neman gargada da ƙafafun mota, ya kamata wannan ya tsaya muku a rai fiye da kowa. Haka nan aka sauya sunan Barra zuwa Zainab saboda yana ɗauke da yabon kai. Wancan ma sunan yanka ne da iyaye suka sa. Ina ga wanda mutum ya zauna da hankalinsa, da girmansa, ya zaɓa wa kansa?

Bari in ɗan ratse, tunda ta kawo mu. Ku masu ɗaga waya, ku ma kuna da kaso. Mutum yana neman nutsewa, hannu goma suna riƙe da waya, hannu ɗaya ne ke neman igiya. Wannan wace irin abota ce? Sannan idan mota ta kafe, sai a ga wani ya zo da sauri ya rataya igiyar fisga a ƙwallon jan tirela, saboda shi ne Mai Ceto, ba ya son a ga yana tambaya. Wannan ƙwallon ba don fisga aka yi shi ba, idan ya ɓalle tashi yake yi kamar harsashi, kuma ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Ga masu cire salansa su ratsa ƙauyen mutane da tsakar dare. Ga masu bi ta cikin shuka saboda hanya ta yi musu sauƙi, sunansu kuma Kashe Daji, dole a ga sun kashe wani abu. Akwai wata bishiyar ƙaya a hamadar Tenere ta Nijar da ta tsaya ita kaɗai tsawon zamani, ayarin raƙuma suna gane hanya da ita, ba mai karya ko reshenta. A 1973 direban babbar mota ya banke ta, duk faɗin filin nan. Gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai yanzu. Idan na ga irin ɓarnar da wasunku ke yi da sunan wasa, wannan direban nake tunawa. Ban ma taɓo masu cin bashi su sayi fitilu da tayoyi alhali gida babu na cefane ba, wannan sai wata rana.

Amma duk waɗannan rassa ne, jijiyar tana komawa ga sunan nan da ka ɗora wa kanka, wanda yanzu shi ke tuƙa ka. Ka ce kai Ba Tsoro ne, shi kenan ka haramta wa kanka faɗin "ban iya ba". Ka haramta wa kanka saukowa ka taka rafi da ƙafa kafin ka sa mota. Ka haramta wa kanka bin bayan wanda ya fi ka sanin hanya. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a mota ba kai kaɗai ke ƙonewa ba, akwai na kujerar gefe, akwai na baya, akwai wanda zai shiga ruwa don ya ciro ka. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Me za a yi? Ni dai ba ni da wata doka da zan kafa muku. Ku ji tsoron Allah, ku yi wa kanku faɗa, manyan cikinku su riƙa buɗe baki. Wanda ya san sunan da ke gilashinsa ya fi ƙarfinsa, ya san abin da ya kamata ya yi da shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba haka muka tarar da abin ba. Mutanen da muka koyi tuƙin daji a hannunsu ba sa raɗa wa kansu suna. Sabon shiga shekara yake yi yana bin baya, yana ɗaukar shebur, yana haƙa rairayi a ƙarƙashin motar wani, yana koyon ɗaure igiya, babu mai kiransa da komai sai sunan da ubansa ya yanka masa rago da shi. Idan inkiya ta zo, daga bakin manya take fitowa, kuma sau da yawa ba mai daɗi ba ce, haka zai haƙura ya amsa. Gwani a wurinsu shi ne wanda ya fita da mota goma ya dawo da goma, ba a bar kowa a baya ba, ba a karya wa manomi ko kara ɗaya ba. Za ka ga dattijo ya zagaya tudun da yara ke rububin hawa, ya bi ta ƙasa a hankali, babu wanda zai ce masa matsoraci, domin kowa ya san sau nawa ya ciro wasu daga wannan tudun. Idan ya ce yau ba a tsallake rafi, an gama magana, a kafa tanti a kwana. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu kuwa sitika ake fara bugawa kafin a sayi igiya da shebur. A ayari guda sai ka samu Sarkin Daji har uku, idan aka kira a oba-oba cewa Sarkin Daji ya kafe a zo da igiya, sai an tsaya ana tambayar wanne daga ciki, mai farar ko mai baƙar, shi kuwa yana can taya na ta nutsewa yana ƙara taka totur don kada a ce ya gaza.