Barazanar Trump ta tona asirin masana'antar fim ta Birtaniya

Tun da Donald Trump ya ce zai ƙaƙaba harajin kashi 100 cikin 100 a kan duk fim ɗin da aka shirya a wajen Amurka, a watan Mayun 2025, hankalin masu harkar fim a Landan ya tashi. Ƙungiyoyin ma'aikata suka ce masana'antar za ta durƙushe, 'yan majalisa suka roƙi gwamnati ta lallashi Fadar White House. Kukan nan ya ba ni haushi fiye da barazanar kanta. Wace irin masana'anta ce wannan da saƙo ɗaya na shugaban wata ƙasa a shafin sada zumunta zai sa ta rawar ɗari?

Amsar tana cikin alƙaluman da hukumar kula da harkar fim ta Birtaniya, BFI, ke fitarwa duk shekara ana tafi. A 2024, fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin da aka kashe wajen shirya fim a Birtaniya daga waje suka shigo, galibi daga Hollywood. A manyan wuraren ɗaukar fim na ƙasar, Disney ta kama hayar Pinewood na dogon lokaci tun 2019, Netflix ta kama wuri a Shepperton, Leavesden kuwa dama mallakin Warner Bros. ne, a can aka ɗauki Barbie. Ko James Bond da ake tinƙaho da shi, a Fabrairun 2025 iyalan Broccoli, masu shirya shi, suka miƙa wa kamfanin Amazon na Amurka ragamarsa. Birtaniya mai gidan haya ce: ɗakunanta tsaf, ma'aikatanta gwanaye, amma abin da ake girkawa a ciki ba nata ba ne, kuma ranar da ɗan haya ya ga gida mai araha a Hungary ko Ostareliya zai tattara kayansa.

An riga an ɗanɗana. Da marubuta da 'yan wasan Amurka suka shiga yajin aiki a 2023, masu ɗaukar hoto da masu haɗa fitilu da kafintocin Ingila ne suka zauna a gida wata da watanni, kan rikicin da ko kujera ba su da ita a teburin sasanta shi.

Duk da haka ana nan ana kiran waɗannan fina-finai "na Birtaniya", kuma da izinin hukuma. Akwai wata jarrabawar al'ada da fim zai ci kafin a ba shi rangwamen haraji, maki 18 cikin 35. Yin magana da Turanci kaɗai na iya kawo maki 6. A ƙara da aikin kwamfuta a Landan, da ɗaukar sauti, da 'yan ma'aikata masu fasfon ƙasar, sai ga fim ɗin jaruman Amurka ya fito da takardar zama ɗan ƙasa. A 2014 BAFTA, cibiyar da ke ba da kyaututtukan fim a Birtaniya, ta ba Gravity kyautar fim ɗin Birtaniya mafi fice: daraktansa ɗan Meksiko, taurarinsa biyu Amurkawa, kuɗinsa na Warner Bros., labarinsa kuma a sararin samaniya. Kamfanin Framestore na Landan, wanda ya yi wa fim ɗin aikin kwamfuta, ya yi aikin da ya cancanci yabo, ban musa ba. Sai dai gwanintar hannu daban, mallakar labari daban.

Masu kare tsarin za su ce ai ana samun ayyukan yi; haka ma kamfanin haɗa motocin Japan a Sunderland yake ba da aiki, ba wanda ya ce Nissan motar Ingila ce.

A wurina fim ɗin ƙasa shi ne wanda mutanen ƙasar suka yanke shawarar yin sa, suka ga kansu a ciki, ribarsa kuma ta dawo ta haifi wani. A wannan ma'auni, wa ya rage? Darakta Ken Loach, wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana nuna rayuwar talakan Ingila, sai da ya haɗa da kuɗin Faransa da Beljiyam kafin ya yi I, Daniel Blake, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 2016. Darakta Mike Leigh ma ya sha kokawa a fili kan wahalar samun mai zuba masa jari. In manyan dattawa na yawon neman taimako, ina ga yarinyar da ta fito daga Bradford da labarinta a hannu?

Abin takaicin, ƙasar ta taɓa sanin magani. Daga 1950 ana cire wani kaso daga kuɗin tikitin silima, harajin Eady, a mayar wa masu shirya fim, har gwamnatin Margaret Thatcher ta soke shi a 1985. Faransa ba ta yar da nata ba, har ma ta tilasta wa su Netflix zuba wani kaso na cinikinsu a ayyukan cikin gida. A Afrilun 2025 kwamitin al'adu na majalisar Birtaniya ya ba da shawarar a karɓi kashi 5 cikin 100 na kuɗin da irin waɗannan kamfanoni ke samu daga masu kallo a ƙasar. Gwamnatin Labour ta ƙi, don kada a ɓata wa baƙi rai.

An dai ƙara rangwamen haraji ga ƙananan fina-finai a 2024, ba laifi. Amma rangwame sai wanda ya riga ya samo jari yake amfana da shi. A dawo da harajin Eady, a ɗora shi a kan masu nuna fim ta intanet, a kuma gyara jarrabawar ta yadda za ta tambayi wa ya mallaki fim kafin ta tambayi a ina aka ɗauke shi.