Ba Fagen Daga Kaɗai Ke Kai Hafsa Muƙamin Janar Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa hafsan sojan ƙafa yana zama Janar ne saboda jarumtakar da ya nuna a yaƙi. Jarumtaka tana da ƙima, amma a rundunar sojan Najeriya aji da jarrabawa suna da ƙarfin faɗa a ji ƙwarai.

Yawancin manyan hafsoshi daga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna suke fitowa, wadda aka kafa a 1964. Tun hafsa yana Laftanar yake rubuta jarrabawar ƙarin girma. Idan ya kai Manjo sai ya shiga kwalejin horar da kwamandoji da ke Jaji, domin wanda bai bi ta nan ba da wuya a damƙa masa bataliya. Kafin Kanar ya hango tauraron Birgediya Janar kuwa, ana so ya halarci Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja ko makamanciyarta. A tsakani kuma akwai shekarun ofis, na tsara abinci, harsashi da zirga-zirgar dakaru. Wannan aiki ba ya fitowa a talabijin, amma in babu shi soja ba zai kwana biyu a daji ba.

Laftanar Janar Tukur Buratai ya shiga NDA a 1981, ya fito hafsa a 1983, bai zama Babban Hafsan Sojan Ƙasa ba sai 2015. Kuma a bisa al'ada, da zarar an naɗa wani hafsa a wannan kujera, waɗanda suka girme shi a aiki sukan yi ritaya, komai ƙwazonsu.